Cibiyar shawara mai ɓangaren Kirista da ɓangaren masu lasisi: yanda na ga riƙon amanarsu

Jama'a barkanku. Cibiyar da zan yi bayani a kai ta ba da shawara ce, ɓangare biyu a gini ɗaya. Ɓangare ɗaya masu shawara ne na Kirista waɗanda coci ta horar, suna aiki da Littafi Mai Tsarki da addu'a, ɗayan kuma ƙwararru ne masu lasisi da suka yi karatun halayyar ɗan adam, su babu ruwansu da addininka sai in kai ne ka kawo maganar. In ka zo za a ba ka fom ka zaɓa, kuma an yarda ka ga duka biyun in kana so. Haka na yi na tsawon watanni, bayan wani rashi da aka yi mana wanda ya girgiza har zaman aurena. Sunan wurin ba zan faɗa ba, ma'aikatan ba su da yawa, da na ambata za a gane wa nake nufi kuma ni ma za a gane ni.

Tun farko bari in faɗa, duka biyun sun taimake ni kuma zan iya tura 'yar uwata ta jini can. Amma ba kyan kujeru ko fara'ar mai tarbar baƙi na zo yabawa ba, duk da suna da su. Abin da ya dame ni shine, in ka zauna gaban mutum ka zazzage mishi abin da ko mahaifiyarka ba ta sani ba, me ya ɗaure shi? Wace ƙa'ida yake bi, wa yake jin tsoro, kuma ya gaya maka tun kafin ka buɗe baki ko sai bayan abu ya faru? A nan ne ɓangarorin biyu suka bambanta sosai, kuma ba kullum ɓangare ɗaya ke gaba ba.

Mai lasisin, wadda nake ce wa Malama, ranar farko ba ta bari na fara labari ba sai da ta miƙo min takarda muka karanta tare layi bayan layi. A ciki an rubuta cewa duk abin da na faɗa sirri ne, sai a wurare kaɗan: in ta ga zan cutar da kaina, ko zan cutar da wani, ko akwai yaro da ake zalunta, ko kotu ta ba da umarni. Ta ce kuma tana da babba a sama da ita wadda take kai wa aikinta don a duba, amma ba ta ambatar suna. A lokacin kuka ne a bakina, takarda ita ce abu na ƙarshe da nake son gani, amma gaskiya wannan takardar ita ce ta sa na saki jiki daga baya, don na san iyakar inda maganata za ta kai.

Wannan maganar ta "in za ka cutar da wani" ba haka kawai ta faɗo ba. A shekarar 1969 wani ɗalibi a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, Prosenjit Poddar, ya gaya wa masanin halayyar da yake gani cewa zai kashe wata yarinya, Tatiana Tarasoff. An sanar da 'yan sandan jami'ar, suka tsare shi na ɗan lokaci suka sake shi, ba wanda ya gaya wa yarinyar ko iyayenta, kuma ya kashe ta a watan Oktoba na shekarar. A 1976 kotun ƙoli ta jihar ta yanke cewa mai ba da shawara yana da haƙƙin kare wanda ake shirin cutarwa, ko da kuwa hakan zai sa ya fasa sirri. Daga nan abin ya bazu cikin ƙa'idojin aikin a ƙasashe da dama. Wato jinin mutum ne ya rubuta wancan layin da Malama ta karanta min, shi ya sa ban ɗauke shi a matsayin cika fom kawai ba.

A ɓangaren Kirista kuma wata dattijuwa ce, kowa Mama yake ce mata, ita kuma 'yata take ce min. Babu takarda ko ɗaya. Da na tambaye ta maganar sirri sai ta kama hannuna ta ce "'yata, daga ni sai ke sai Allah". Na yarda da ita har zuciyata kuma har yanzu na yarda ba ƙarya ta yi niyya ba. Amma bayan wasu makonni wata ma'aikaciyar wurin, wadda ban taɓa zama da ita ba, ta tare ni a baranda da fara'arta ta ce suna nan suna mini addu'a kan maganar maigidana. Jikina ya yi sanyi. Ashe ɓangaren suna da taron addu'a na ma'aikata inda kowa ke kawo nauyin waɗanda yake gani, wai ba a faɗin suna, to amma wuri ƙarami in ka ce wata mata da aka yi wa rashi kuma gidanta ba lafiya ai ka gama faɗin suna. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, ko da kuwa da sunan addu'a ta fita.

Ina so a fahimce ni a nan domin ni Kirista ce kuma addu'ar nan ina buƙatarta, da an tambaye ni wataƙila ma in ce a yi. Matsalar ba a tambaye ni ba. Kuma wannan ba wai ƙa'idar 'yan boko ce da ake son ɗora wa coci ba. Ƙungiyar masu shawara Kirista ta Amurka, AACC, tana da kundin ƙa'idojinta, kuma a bugun 2014 ta rubuta cewa kada mai shawara ya ɗauka kowa ne ke son a yi mishi addu'a ko a buɗe mishi Littafi a lokacin zama, sai ya nemi yardarsa tukuna, balle kuma ɗaukar maganarsa a kai wani ɗaki. A cocin Katolika ma dokar coci mai lamba 983 ta haramta wa firist fallasa abin da ya ji wurin furta zunubi kan kowane irin dalili. To riƙe sirri tsohon abu ne a cikin ikilisiya, ba baƙo ba ne. Abin da ya ɓace a wannan ɓangaren shine tsari, niyya kam akwai ta har ta yi yawa.

Sai maganar waya. Mama da lambarta ta kanta take aiki, ta WhatsApp, ka turo mata saƙo tsakar dare za ta amsa, kuma a daren da abin ya fi ƙarfina wannan amsar ta riƙe ni ba kaɗan ba. Amma wayar nan jikokinta na ɗauka su yi wasa, na gani da idona. Malama kuma layin ofis kawai gare ta, da lokacin da ta ƙayyade, ta ba ni lambar gaggawa ta asibiti in dare ya yi, bayanaina kuma suna cikin kabad mai makulli, wanda ke kwamfuta kuma sai da lambar sirri. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna abin da ya faru da BetterHelp, babban kamfanin shawara ta intanet. A watan Maris na 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sanar kamfanin zai biya dala miliyan 7.8 bisa zargin ya miƙa adireshin imel da bayanan lafiyar mutane ga irin su Facebook da Snapchat don talla, bayan ya yi musu alkawarin sirri, kuma ɗaya daga cikin rassansa a lokacin, Faithful Counseling, na Kiristoci ne musamman. Kenan sunan Kirista a jikin allo ko lasisi a jikin bango, babu wanda shi kaɗai ya isa ya tsare maka bayaninka, sai ka tambaya ina ake ajiye shi kuma wa ke iya buɗewa.

Yanzu bari in zo inda Mama ta burge ni, kuma a nan ne nake ganin ta fi mutane da yawa masu takardu. Da ta lura bana barci, na rame, ina maimaita maganar da ma ni ce na tafi, ba ta ce min imanina ne ya yi rauni ba, ba ta ce in ƙara azumi ba, ba ta ce wani ruhu ne ba. Ta dube ni ta tambaye ni kai tsaye ko ina tunanin kashe kaina. Sannan ta ce "'yata wannan ya wuce inda aka koya min, Luka ma da ya rubuta bishara likita ne, tashi mu je", ta raka ni da ƙafarta har ƙofar Malama, daga nan aka haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa wanda ya ce ciwon damuwa ne ya rubuta magani. Kuma kowane zama sai ta tambaye ni ko ina shan maganin kafin mu yi addu'a.

Wanda bai san tarihin abin ba zai ga kaman hakan ai dole ne, amma ba dole ba ne. Akwai tsohuwar muhawara a cikin masu shawara Kirista kansu. Tun 1970 wani malamin tauhidi Ba'amurke, Jay Adams, ya kafa ra'ayin cewa yawancin abin da ake kira ciwon tunani, in dai ba wata cuta ce ta jiki aka gano ba, matsalar zunubi ce, kuma aikin fasto ne da Littafi ba na masanin halayya ba. Wasu kuma suka ce a'a, a haɗa ilimin biyu. Har yau ɓangarorin nan suna nan. Kuma doka ba ta cika tilasta wa na coci ba. Wani matashi mai shekara 24, Kenneth Nally, ya kashe kansa a 1979 bayan ya daɗe yana karɓar shawara a cocinsu a Kalifoniya, iyayensa suka kai ƙara, a 1988 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa mai shawarar da ba ƙwararre mai lasisi ba doka ba ta ɗora mishi nauyin tura mutum wurin likita. Ma'ana abin da Mama ta yi min, lamirinta ne ya sa ta, ba tsoron kotu ba. Na gode mata kuma na gode Allah. Sai dai abin da ke tsorata ni shine in da ranar wani ne na samu a kujerar, mai ra'ayin cewa magani rashin bangaskiya ne, babu wata rubutacciyar doka a ɓangaren da za ta hana shi riƙe ni. Ran mutum bai kamata ya dogara ga sa'ar wanda ya tarar a bakin aiki ba.

Malama ita ma tana da nata. A farkon zamanmu duk lokacin da na kawo maganar Allah, misali na ce ina jin haushin Allah kan rashin nan kuma ina jin kunyar jin haushin, sai ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu ta mayar da ni kan maganar barci da tunani marasa kyau. Dabarun da ta koya min na kama mummunan tunani in auna shi, irin tsarin da likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke Aaron Beck ya fara tun shekarun 1960, sun yi aiki ba musu. Amma rabin ciwona yana wurin da take tsallakewa. Kundin ƙungiyar masu shawara ta Amurka, ACA, na 2014 ya hana mai shawara ɗora wa wanda yake gani nasa ra'ayi ko aƙida, kuma wannan daidai ne, to amma hana ɗorawa daban, toshe kunne daban. A cikin ACA ɗin ma akwai reshe na musamman kan addini da ruhaniya a aikin shawara, ASERVIC, wanda ya fitar da jerin ƙwarewar da ake so mai shawara ya samu a 2009, kuma jigon abin shine ya iya sauraron imanin mutum ya yi aiki da shi ko da shi bai yarda da shi ba. Da na gaya mata a fili cewa ina ji kaman tana gudun maganar, ba ta kare kanta ba, ta ce za ta kai wa babbarta su duba, kuma zama na gaba ita da kanta ta buɗe da tambayar me nake nufi da haushin Allah. Daga nan aikin ya canza gaba ɗaya. Wannan tsarin na samun wani a sama da kai da ke duba aikinka, a ganina shine babban arzikin ɓangaren masu lasisi, ya ma fi takardar shaidar.

Kan maganar aure kuwa, nan ne na ga bambancin aƙida ƙiri-ƙiri. Mama ta gaya min tun farko cewa ita ba za ta taɓa ba ni shawarar rabuwa ba, haka ta yi imani, amma ta ƙara da cewa in akwai duka ko barazana to in fita in tsira da raina tukuna, sauran magana daga baya. Malama ta ce ba aikinta ba ne ta ce in zauna ko in tafi. Ni ban ga laifin ko ɗaya ba, tunda kowacce ta faɗa min matsayinta kafin mu yi nisa. Wanda nake tsoro shine mai ɓoye matsayinsa yana tura ka a hankali inda yake so, kuma irin wannan ana samunsa a coci ana samunsa a asibiti.

A Amurka wannan rikicin na aƙida da aiki har kotu ya je. Wata ɗaliba Kirista, Julea Ward, an kore ta daga karatun shawara a jami'ar Eastern Michigan a 2009 saboda ta nemi a mayar da wani mai neman shawara kan alaƙar jinsi ɗaya wurin wani mai shawara daban, don imaninta. Kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da shari'arta a 2012, jami'ar ta sasanta da ita kan dala 75,000. A 2014 ACA ta rubuta ƙarara cewa ba a tura mutum wani wuri don kawai aƙidar mai shawara ta saɓa da tasa, a 2016 kuma jihar Tennessee ta yi dokar da ta ba masu shawara damar yin hakan, ACA ta ɗauke babban taronta na 2017 daga Nashville, babban birnin jihar, don nuna fushi. Ban kawo wannan don in raba musu gardama ba. Na kawo ne don cibiyar nan da ta haɗa ɓangarorin biyu ya kamata ta rubuta a fom ɗinta me kowane ɓangare zai yi da abin da ba zai yi ba, kada mutum ya zo da rauninsa sai a tsakiyar zama ya gano an rufe mishi ƙofa.

Wani abu da zan taɓa a taƙaice shine cuɗanya. Na tura wa Malama neman abota a Facebook ta ƙi karɓa, ta yi min bayani da ladabi cewa ƙa'ida ta hana, kuma haka ne, kundin ACA na 2014 ɗin ya hana irin wannan abotar da wanda kake gani, kaman yanda ya hana soyayya da shi har sai bayan shekara 5 da gama aiki. Na ɗan ji ba daɗi amma ina goyon bayanta. Mama kuwa za ka iya haɗuwa da ita a sujada, a taron mata, a gidan biki, kuma a rayuwar ikilisiya ba yanda za a yi a kauce wa hakan gaba ɗaya. Abin da ya kamata shine a yi maganar tun farko, in mun haɗu a waje ya za mu yi, in gaishe ki ko in wuce. Ba mu yi ba, sai na riƙa jin nauyi duk lokacin da idonmu ya haɗu cikin mutane.

Na kai ƙorafin maganar barandar wurin shugabar cibiyar. A nan ma akwai bambanci da ya kamata ku sani: Malama in ta yi laifi akwai hukumar da ta ba ta lasisi wadda za ta iya ƙwace shi, Mama kuwa shugabar da faston da ke kula da ɓangaren ne kawai a samanta, kuma dukansu abokan hidimarta ne na shekaru. Ba a wannan cibiyar kaɗai ba ne, a Ingila ma doka ba ta hana kowa kiran kansa mai ba da shawara, rajista da ƙungiya irin BACP, ƙungiyar masu shawara ta Birtaniya, ko ƙungiyar masu shawara Kirista ta can ganin dama ce, shi ya sa ake ce wa mutane su duba rajistar kafin su zauna da kowa. To shugabar dai ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, ba ta ce min in yafe kawai a wuce wurin ba, wanda shine abin da na fi tsoron ji. Mama da kanta ta kira ni ta ba ni haƙuri da hawaye, kuma na yafe mata da zuciya ɗaya. Na roƙi abu uku: ɓangaren Kirista su samu takardar yarda irin ta Malama, a daina kai maganar kowa taron addu'a sai ya amince, kuma a ba su layin ofis. Na biyun sun fara aiki da shi nan take, yanzu Mama sai ta tambaya kafin ta kai. Takardar an ce min ana rubutawa kuma Malama ce ke taimaka musu da ita. Layin ofis ɗin har zuwana na ƙarshe ba a kawo ba, don haka duk wanda zai je ɓangaren Kirista, abin da ba ya so a gani a rubuce kada ya tura ta waya, ya bari sai sun zauna.